Grosh Ɗaya Daga Asusun Danuta

A garinmu da wuya ka bi layi ɗaya ba ka samu mace biyu ko uku masu zuwa Jamus kula da tsofaffi ba. Wata biyu can, wata ɗaya gida, haka suke yi har gwiwa ta gaza. Danuta Wrobel ta shekara tara tana wannan kai-kawo. Ta yi wa iyayen wasu wanka, ta kwashe musu kashi, ta sha zagi da yaren da ba nata ba, duk don abu ɗaya: ta sayi ɗan gida nata, ta ɗauke 'yarta Kinga daga falon kakarta inda yarinyar ke kwana kan doguwar kujera, ita kuma ta daina hawa motar Jamus.

Ta samu gidan kuwa. Ɗaki biyu ne a hawa na uku bayan kasuwa, tagar kicin na kallon filin makaranta. Mai shi, Pan Zenon, wato Malam Zenon a yarenmu, tsohon direban jirgin ƙasa, ya karɓi kafin alƙalami na zloti dubu arba'in, wato kusan duk abin da ya rage mata bayan ciyar da gidan uwarta. Aka rubuta a gaban lauya cewa in ƙarshen Nuwamba ya yi ba ta cika sauran ba, kuɗin sun zama nasa. Sauran kuwa banki ne zai ranta mata, kuma ko a jikinta, tunda ita a rayuwarta ko kuɗin burodi ba ta taɓa ci bashi ba.

Ranar da ta je banki har da sa sabuwar riga. Wadda ke kan teburin rance Wioletta ce, bencinsu ɗaya a makarantar firamare. Suka gaisa, suka taɓa hirar 'ya'ya, Wioletta ta buga suna a kwamfuta tana dariya. Sai dariyar ta tsaya, ta kira ta da sunanta na yarinta.

"Danusia, yaushe kika fara cin rancen gaggawa?"

"Rancen me?"

"Na kamfanonin nan masu tura wa mutum kuɗi ta waya kafin shayinsa ya huce. Ga su nan guda uku da sunanki a ofishin bayanan bashi, duka na watan Maris, kuma babu wanda aka biya ko sau ɗaya."

Danuta ta ce a sake duba lambar katin shaida. Aka duba, nata ne. Aka duba sunan uba, na ubanta ne, Allah ya jiƙansa. Wioletta ta rage murya ta ce muddin wannan tabon yana nan, babu bankin da zai ba ta ko kuɗin tukunya, balle na gida.

"Ki rubuta wa ofishin ki ce ba naki ba ne," in ji ta. "Dole su amsa miki. Amma ki hanzarta, mutanen nan ba sa sauri sai wajen rubuta sunan mutum."

A teburin gidan waya ta rubuta ƙorafin. Ta haɗa da takardar aikinta mai nuna cewa a duk watan Maris tana wani ƙauye a Jamus, tana juya wani tsoho a kan gado. Da ta koma gida ta faɗa wa mahaifiyarta, Pani Genowefa, wato Malama Genowefa, wadda ke tsaye tana feraye dankali. Tsohuwar ba ta juyo ba.

"'Yan damfara sun yi yawa," ta ce. "Jiya ma an nuna a talabijin. Miƙo mini gishiri."

Ƙanenta Irek yana kwance a kan kujerar Kinga, ƙafa kan matashi. Shekararsa talatin da takwas, ya yi sana'a ta fi goma, kuma kowace ta mutu ne saboda laifin wani. Ya ce duniya ta lalace, ya ƙara wa talabijin murya.

Amsar ofishin ta ɗauki makonni, da ta zo kuma layi biyu ce: sun tuntuɓi kamfanonin, kamfanonin sun tabbatar bashin nata ne. Shi ke nan. Ka kai ƙarar kura, a je a tambayi kura ko ta ci akuya, a dawo a ce maka an yi bincike! Danuta ta buga musu waya daga tashar mota, ta sha jira ana sa mata kiɗa a kunne, kafin wata yarinya mai zaƙin murya ta ɗauka.

"Pani Wrobel, mu ba ma ba da rance. Abin da aka turo mana muke rubutawa."

"To in an turo muku ƙarya fa?"

"Sai wanda ya turo ya janye."

"Na ji. Amma ki gaya mini, da me suka tabbatar ni ce? Sun ga fuskata? Sun ji muryata? Ina so a rubuto mini yadda aka yi, ɗaya bayan ɗaya."

Yarinyar ta ce tana da damar tambaya, sai dai ta sake rubutowa. Ta sake. Oktoba na ta tafiya, Pan Zenon ya tare ta a kasuwa ya tambaya ko ya fara kwashe kayansa, ta ce ya fara. Kinga kuwa har ta zaɓi launin labule. Ga kuma masu karɓar bashi sun samo lambarta ta Jamus, ba ta san ta ina ba, suna kira safe da rana, suna gaishe ta da ladabin da ya fi zagi ciwo. Abinci ya daina shiga. Siket ɗin da ta zo da shi sai da ta sa masa fil.

Da amsa ta biyu ta iso, ta karanta ba ta gane ba, ta kai wa Wioletta. Ita kuwa kallo ɗaya ta yi wa takardar ta cire tabarau.

"Kin san yadda suke yi? Ba sa ganin mutum. Sukan ce ka turo musu grosh ɗaya, kwabon zloti, daga asusunka. Grosh ɗaya tak, wanda in ya faɗi a titi ba mai sunkuyawa. In ya shigo da sunanka, shi ke nan, kai ne. To grosh ɗin nan daga asusunki ya fita, sau uku."

Ta buɗe shige da ficen asusun ta juyo mata kwamfutar. Ga shi nan a watan Maris: grosh ya fita, dubbai sun shigo, kafin yamma an zare su a na'urar cire kuɗi ta bakin kasuwa. Ragowar kuɗin asusun bai motsa ba, shi ya sa Danuta, da ba ta duban komai sai jimillar ƙasa, ba ta taɓa lura ba.

"Kuma ba a tura ko grosh sai da lambar da banki ke aikowa ta waya," in ji Wioletta a hankali. "Ina layinki na gida yake in kin tafi?"

Danuta ta tuna inda yake. Duk matan da ke zuwa Jamus haka suke yi: layin can a jaka, layin gida a tsohuwar waya, a bar shi tare da katin banki wurin uwa, don kuɗin wuta da na makaranta. Nata yana cikin gwangwanin biskit a saman firji, inda Pani Genowefa ke ajiye takardun kowa. Da ɗan gari akan ci gari, ta sani tun tana yarinya, amma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa garin kicin ɗin uwarta ne ba.

Ta bari sai Lahadi, bayan coci, da aka zuba romon kaza da taliya. Ta aiki Kinga sayo kek, ta ajiye takardar kusa da kwanon Irek. Ya karanta yana tauna. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ko musu bai yi ba.

"Aro na yi," ya ce. "Da harkar tayoyin nan ta tashi da tuni na mayar, ba ki ma sani ba. Abokin harkata ne ya cuce ni."

"Da sunana ka yi aron?"

"To da sunan wa? Nawa ya ƙone tun tuni, kin sani. Naki yana zaune a banza, ba kya amfani da shi."

"A banza? Gida nake saye da shi, Irek."

"Kullum gida, gida. Nan daji ne?"

Pani Genowefa ta ajiye ludayi, ta kira Danuta da sunan gida. "Danka, rage murya, bangon nan takarda ne. Ƙanenki ne. Ke kina cin kuɗin Jamus, shi ko na taba sai na ba shi. Da ya tambaye ki za ki ba shi?"

"Da ban ba shi ba."

"To kin gani."

Wannan "kin gani" ta fi komai tsaya wa Danuta a rai. Wato don an san za ta hana, shi ya sa ɗauka ta halatta. Ta dubi uwarta ta tambaye ta ko ta sani tun farko. Tsohuwar ta shiga share teburin da ba abin da ya zube a kai, ta ce ita idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, ta ce romo zai huce. Sai ga Kinga ta shigo da kek, kowa ya gyara fuska, aka ci aka sha kamar gidan lafiya.

Washegari Danuta ta koma banki da niyyar ta nemo kuɗi ko ta halin ƙaƙa ta biya bashin, ta huta. Wioletta ta girgiza kai.

"Ko kin biya yau, tabon latti zai zauna miki shekaru. Biya ma kamar kin amsa naki ne. Hanya ɗaya ce: ki kai wa 'yan sanda rahoton an yi amfani da sunanki, ki kawo takardarsu. Da ita zan iya hawa sama in roƙa miki. Amma za su tambaye ki wa ke riƙe da wayar, kuma ba za ki ce ba ki sani ba."

Da yamma ta faɗa a gida, ba ɓoye-ɓoye. Irek ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce yana da tsohon hukuncin ɗauri da aka jingine masa, in aka ƙara wannan sai gidan yari, in abin da take so ke nan ta je. Ya ɗauki jaket ya fita. Pani Genowefa kuwa ta kwanta ciwo. Hawan jini, in ji ta. Ta daina cin abinci in Danuta ce ta dafa, ta riƙa kiran maƙwabciya tana auna ta da ƙofa a buɗe don a ji. Wata innarsu ta bugo daga wani gari ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wani kawu da bai taɓa aiko wa Kinga ko alewa ba ya bugo ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Duk cikinsu babu wanda ya tambayi Danuta nawa za ta rasa, kuma babu wanda ya ce ga nawa gudummawa.

Ranar ɗaya ga Nuwamba, ranar ziyarar kaburbura, gari kaf ya fita da furanni da fitilun kyandir. Suka tsaya gaban kabarin mahaifinsu, Irek da sabon takalmi, yana gaisawa da mutane kamar ɗan takara. Danuta ta durƙusa tana goge dutsen, uwar ta sunkuyo kamar za ta gyara fure.

"In kin je wurinsu, sunana za ki ba su," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni na sauko da gwangwanin. Ni na riƙe wayar yana kwafar lambar. In sun tambaye ni haka zan ce, ni kaɗai na yi, shi bai san komai ba. Sai ki zo ki gaya wa ubanki kin kai uwarki kotu tana da shekara saba'in da huɗu."

"Mama, me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba. Ke kina da ƙarfi, duk inda aka jefa ki za ki tashi. Shi ba zai iya ba."

Ta miƙe ta amsa gaisuwar wata mata da fara'a. Danuta ta ci gaba da goge dutsen da ya riga ya fita tas, hawaye na zuba a kan hannunta, masu wucewa suna cewa kai, yarinyar nan ta so ubanta.

Sau biyu ta je har ƙofar ofishin 'yan sanda. Na farko ta tsaya tana karanta sanarwar ɓatan kare har ta haddace, ta juya. Na biyu ta shiga, ɗan sandan da ke bakin kanta ya ce, "Me ke tafe da Pani?" ta ce hanyar gidan waya take tambaya, ita da aka haifa a garin. Ta je ta roƙi Pan Zenon ya ƙara mata wata biyu. Mutumin ba mugu ba ne, har shayi ya ba ta, amma ya riga ya ba da kuɗin kafin alƙalamin wani ɗaki kusa da 'yarsa, shi ma wa'adi ke bin sa. Ya ce ya yi mata baƙin ciki. Kuɗin dai bai ce zai mayar ba.

A tsakiyar wannan Kinga ta cika shekara sha takwas. Aka yi ɗan biki, kakar ta warke rana ɗaya ta yi kek da hannunta, Irek ya rungume yarinyar yana cewa yau 'yar yayarsa ta zama mutum. Danuta ta zauna a gefe, jikinta a wurin, hankalinta na kan kalanda.

Nuwamba ya ƙare. Ba a yi tsawa ba, ba a yi girgizar ƙasa ba, lauya ya aiko da saƙo gajere, shekara tara suka tafi. Ita ta gaya wa Kinga da bakinta cewa banki ya ƙi, ba ta faɗi dalili ba. Yarinyar ta ce ba komai, Mama, ta cire hoton labulen daga wayarta. A gidan kuwa sai aka samu sauƙi. Pani Genowefa ta koma cin abinci, har tana cewa dama hawa na uku ba na'urar hawa bene wahala ne, Allah ne ya kare. Irek ya ce in harkarsa ta gaba ta tashi, gidan da zai saya wa yayarsa sai an zo kallo.

Danuta ta buga wa kamfanin aikinta ta ce a nemo mata wani tsohon. Aka samu. Da safen tafiya ta sauko da gwangwanin biskit da kanta, ta ɗauki tsohuwar wayar da katin bankinta ta jefa a jaka.

"Da me zan biya wuta?" in ji uwar.

"Zan biya daga can."

"Yanzu mun zama ɓarayi ke nan."

Danuta ta zuge jakar. Tana mayar da murfin ne idonta ya faɗa kan katin shaidar Kinga, a saman takardun. Ta ɗauka ta sa a aljihu.

Su uku suka taka zuwa tasha, kakar na biye a baya da ƙunshin burodi da tsiran alade na hanya, don a ga ta rako 'yarta. Mata na ta loda jakunkuna, direba na kiran sunaye. Danuta ta ja Kinga gefe ta miƙa mata katin.

"Wa ya ce ki sa wannan a gwangwani?"

"Kaka ce, wai kada in yar. Kawu Irek ne ma ya karɓa ranar bikina, da zai buɗe mini asusu. Ban gaya miki ba? Kyautarsa ke nan, har da zloti hamsin a ciki." Ta yi murmushi. "Ya ce babba ba ya zama ba asusu."

"Ba ni wayarki."

"Mama, motar fa."

"Buɗe mini asusun, Kinga."

Yarinyar ta buɗe ta miƙa. Asusun sabo ne, abin da ke ciki bai cika rabin fuskar wayar ba. Hamsin ta shigo ranar biki. A ƙarƙashinta, da kwanan watan jiya, grosh ɗaya ya fita.

"Wannan fa?"

"Kawu ya ari wayar jiya, wai zai gwada ko tana aiki." Kinga ta leƙa. "Grosh ne kawai, Mama."

Wannan shi ne abin da rufin asirin ya saya. An ce wa Danuta ta yi shiru don gida ya zauna, ta yi shirun, ta biya da gumin shekara tara, ashe duk abin da aka fahimta daga shirun nata shi ne ƙofar a buɗe take. Masu cewa a yi haƙuri, ɗan'uwa ne, ba su taɓa faɗin inda haƙurin zai tsaya ba, domin ba daga aljihunsu yake fita ba. Sunan uwa ya ƙone, an juyo kan na 'yar, kuma da an bar su, gobe ita ma za a ce tana da ƙarfi, duk inda aka jefa ta za ta tashi.

"Wrobel!" in ji direba. "Pani za ta hau ko sai mun aiko da doki?"

Danuta ta je ta janyo jakarta daga ƙarƙashin motar, ta ce masa ya tafi. Pani Genowefa ta iso tana haki, ta dubi wayar a hannun 'yarta, ta dubi fuskarta, nan take ta gane. Ba ta tambayi me ya faru ba.

"Danka," ta ce, "ba a turo kuɗin rancen ba tukuna. Zan sa shi ya fasa. Mu je gida mu yi magana, mutane na kallo."

"Ashe kin sani."

"Ni zan ce na yi. Na rantse miki haka zan gaya musu."

"Ki gaya musu, Mama," in ji Danuta. "Da ma ke kika yi."

Ta saɓa jakar, ta kama hannun Kinga, suka tsallaka titi. Ofishin 'yan sanda ba nisa daga tasha, kuma wannan karon ba hanyar gidan waya za ta tambaya ba. Tsohuwar ta tsaya inda aka bar ta da ƙunshin burodi a hannu, tana kiran sunan 'yarta a hankali don kada a ji.